Yadda Ake Gano Halin Marigayin Ɗan Fim Daga Tsofaffin Hirarrakinsa

Duk lokacin da aka yi rashin wani ɗan wasan kwaikwayo, kafin a yi sadakar uku wayoyinmu sun cika da guntayen hirarrakinsa, wannan na minti ɗaya, wancan na daƙiƙa talatin, kowa yana turawa da addu'a a ƙasa. Bayan ƙura ta lafa sai tambaya ta riƙa zuwa mini daga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya, na Samaru da Kongo, masu rubuta kundin kammala karatu, da kuma daga mutanen gari waɗanda ƙaunar mamacin kawai ta dame su: ta yaya mutum zai zauna da waɗannan hirarraki har ya fahimci wane irin mutum aka rasa, bayan wanda ya saba gani a fim? Na sha amsawa a tsaitsaye, a ƙofar masallaci ko a cikin mota, amma amsar tsaye ba ta gamsarwa, shi ya sa na ga ya dace in jera matakan kamar yadda nake bin su. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, kowa ya iya gyara bakinsa idan an ce ya bayyana kansa a gaban kyamara, saboda haka halin mutum ya fi fitowa daga abin da yake maimaituwa a bakinsa shekara da shekaru, musamman idan yana magana a kan wasu.

1. Zaɓi mutum ɗaya, ka rubuta zatonka a kansa

Ka tsaya a kan mamaci ɗaya, ko da kana sha'awar mutum biyar. Kafin ka saurari komai, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da kake zato game da shi, sannan a gefen kowane zato ka rubuta inda ka samo shi. Za ka yi mamakin ganin cewa yawancinsu daga fim ka kwaso su. Marigayiya Saratu Gidado, wadda aka fi sani da Daso, ta rasu a watan Afrilun 2024, kuma ta shafe shekaru tana fitowa a matsayin mace mai faɗa da makirci, har masu kallo da yawa suka ɗora mata wannan hali a zukatansu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, mutane kan manta cewa ma'aikacin gidan yari ne kafin barkwanci ya ɗauke shi. Shi kuwa Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwambar 2023, soja ne na gaske kuma ɗan gidan sarautar Pategi, don haka a wurinsa akwai inda wasa da rayuwa suka haɗu, akwai kuma inda suka rabu, kuma aikinka ne ka gano iyakar.

*Gargaɗi:* Kada ka yar da wannan takarda. A ƙarshen aiki za ka dawo gare ta, kuma idan ka ga duk zatonka na farko ya tabbata babu ko ɗaya da ya rushe, to ka tuhumi kunnenka, wataƙila abin da kake so kawai ka ji.

2. Tanadi kayan aiki

Kayan ba su da yawa. Kana buƙatar waya ko kwamfuta, da abin sauraro na kunne mai rufe hayaniya, domin lasifikar waya tana haɗiye ƙananan sautuka irin su ajiyar zuciya da gyaran murya. Kana buƙatar katin memori mai gigabayit 32, da littafin rubutu mai kauri wanda ba za ka haɗa shi da wani aiki ba, da biro kala biyu, ɗaya na maganar marigayin, ɗaya na ra'ayinka. Wajen data, bidiyon awa ɗaya a matsakaicin haske yakan ci kusan megabayit 300, kuma tunda magana kake nema, babu dalilin sauke shi da haske mafi girma sai hirar da kake son duba fuskarsa sosai. Ka sauke kowace hira sau ɗaya ka ajiye, maimakon ka riƙa komawa intanet kana ƙona data a kan abu guda.

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne mota da fotokwafi da ladan mai juya kaset. Farashin waɗannan yana canzawa kusan kowane wata, don haka ka tambaya a ranar, ka kuma ware kuɗin zuwa Kaduna aƙalla sau biyu, tafiyar kusan kilomita 80 daga Zariya, domin da wuya zuwan farko ya biya buƙata.

3. Nemo hirarrakin

Shekarar da mutum ya rasu ita ce za ta gaya maka inda za ka fi wahala. Wanda ya rasu a 'yan shekarun nan, yawancin hirarrakinsa suna YouTube da Facebook. Wanda ya rasu tun da daɗewa, kamar Ahmad S. Nuhu da ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairun 2007, lokacin da intanet ba ta shiga hannun jama'a ba, muryarsa tana cikin mujallu da kaset ne. Irin su marigayi Kasimu Yero, ɗan Zariya da ya rasu a Kaduna a watan Satumbar 2017, sun ratsa zamani uku, na rediyo da talabijin ɗin gwamnati, da na kaset, da na waya, don haka nasu a warwatse yake.

Fara da intanet tunda ita ce mai sauƙi. Rubuta sunan ta kowace siga da mutane ke rubuta shi, da ƙugiya da babu ƙugiya, Kasimu da Ƙasimu, Ahmad da Ahmed, sannan ka gwada sunan wasa shi kaɗai, ka haɗa da kalmomi irin su hira, tattaunawa, tarihin rayuwa. Duba shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, da Kundin Kannywood na tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014, da shafukan gidajen rediyon Kano da Kaduna, da jaridar Aminiya. Idan marigayin ya yi wasa da Turanci, kamar yadda Kasimu Yero ya yi a talabijin ta ƙasa, ka nemi hirarrakin Turancin su ma, domin mutum kan saki jiki da wani harshe ya tsuke da wani.

Daga nan ka koma takarda. Mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a Kaduna a watan Maris na 1999, ita ce babbar taskar dogayen hirarrakin 'yan fim ɗin Hausa, kuma akwai Tauraruwa ta Kano da ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1990. Don 'yan wasan zamanin talabijin, ka binciki Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka haifa a nan Zariya a 1939. Je Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru ka tambayi sashen jaridu da mujallu abin da suke da shi na shekarun da kake nema, ka tafi da shekarun a rubuce da katin shaida. Kada ka tsallake kundayen ɗalibai na sashen wasan kwaikwayo da na harsunan Afirka a Jami'ar Ahmadu Bello, domin ɗalibai kan yi hira da 'yan wasa su liƙa ta a ƙarshen kundi, kuma irin wannan hira, da ba a yi ta don tallar fim ba, takan fi ta gidan talabijin gaskiya. A Kaduna akwai Gidan Arewa, da gidan Rediyon Tarayya, da NTA. Gidajen watsa labarai sukan buƙaci wasiƙa, don haka ka rubuta ta kafin ka bar gida, ka bayyana sunan shirin da kimanin shekararsa.

Hanya ta uku ita ce mutane. Tsofaffin masu hayar kaset na Tudun Wada da Sabon Gari a nan Zariya da yawa sun rufe shago, amma wasunsu ba su zubar da kayan ba. Na taɓa samun wani dattijo da ya ajiye nasa a cikin buhun taki a bayan ƙyaure, kuma da na ce masa, "Baba, hirarraki nake nema, ba fim ba," sai ya yi dariya ya ce in duba wutsiyar kaset, domin a da idan fim ya ƙare zare bai ƙare ba, akan cika ragowar da talla ko hirar da aka naɗa daga talabijin. A nan na samu minti goma sha biyu da ban taɓa gani a ko'ina ba.

*Gargaɗi:* Kafin ka sa tsohon kaset a na'ura, ɗaga shi a haske ka duba zaren ta tagarsa. Idan ka ga farin gari ko tabo kamar auduga, funfuna ce daminar Zariya ta haifar, kuma idan ka kunna shi a haka zai ɓata kan na'urar, zaren kuma ya iya tsinkewa. Na yi asarar kaset ɗaya ta wannan hanya a shagon wani mai gyara, wanda ya danna shi cikin na'ura kafin in buɗe baki, muka ji ƙarar taunawa, muka zaro zare a tattaune. Ka nemi wanda zai share shi tukuna, ka tsaya a kansa lokacin juyawa zuwa memori, kuma ku yi ciniki a kan kowane kaset kafin a fara. Kaset ɗin aro kuma kada ya kwana a hannun kowa.

4. Tantance kowace hira

Ba duk abin da ka samu ne zai shiga aikin ba. Ga kowace hira ka buɗe shafi ka rubuta wanda ya yi ta, da gidan da ya watsa, da tsawonta, da lokacin da aka yi ta. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar ranar da aka ɗora bidiyo a matsayin ranar hira. Hirar da aka ɗora kwana biyu bayan rasuwa tana iya kai shekara goma, amma mai ɗorawa ya rubuta mata "hirarsa ta ƙarshe" don a danna. Ka gano lokacin daga cikin hirar kanta: fim ɗin da ake cewa yana nan fitowa, gwamnan da aka ambata, irin wayar da ke kan tebur, furfurar gemunsa, ko wani abokin sana'a da ake maganarsa a matsayin rayayye alhali ka san shekarar rasuwarsa.

Guntuwar hira ba hujja ba ce har sai ka samo uwarta. Idan ka ga hoto yana tsalle a tsakiyar jimla, ko hular ta ɗan karkace nan take, an yanke wani abu. A zamanin nan kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, don haka duk sautin da ya zo maka a WhatsApp babu hoto, babu sunan gidan rediyo, babu muryar mai tambaya, ka ajiye shi gefe. Hirar mujalla kuwa ta bi ta hannun edita, wanda kan gyara Hausa ya taƙaita amsa, kanun da ke saman shafi kuma nasa ne. Ka amince da ita wajen ma'ana, amma kada ka kafa hujja da zaɓin kalma guda.

5. Jera su bisa shekaru

Wannan mataki gajere ne amma kada a tsallake shi. Sa wa kowane fayil suna da shekara a gaba, sannan gidan da ya yi hirar, don su jeru da kansu. Ka yi ƙoƙarin samun aƙalla hira biyar da suka ratsa farkon tashensa, da ganiyarsa, da lokacin da kasuwa ta ja baya ko jiki ya fara rauni. A gefen kowace ka rubuta halin da sana'ar take ciki a lokacin. Misali, an kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga 2007 zuwa 2011 an matsa wa 'yan fim sosai, saboda haka taka-tsantsan da za ka ji a bakin ɗan wasa a waɗannan shekaru yana iya zama na zamanin ne.

6. Saurari kowace hira sau uku

Sauraron farko ka yi shi babu biro a hannu, daga sallama har sallama, ba tare da tsayarwa ba, kamar kana zaune a zaure ana hirar a gabanka. Idan ta ƙare ka rubuta layi uku kacal a kan yadda ka ji.

A karo na biyu ne aikin yake. Tsayar da bidiyon duk bayan jimla biyu ko uku ka rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma, da tambayar da ta jawo amsar, da mintin da aka faɗe ta. Idan yana da saurin baki, rage gudun bidiyon zuwa 0.75. Rubuta har da inda ya yi shiru, da inda ya yi dariya, da inda ya fara jimla ya fasa. Ni hirar awa ɗaya takan ci mini awa biyar ko shida, don haka nakan raba ta kwana biyu, kuma na fi yin aikin bayan sallar asuba kafin unguwa ta tashi. Kada ka gyara masa Hausa. Idan Bazazzagi ne kuma bai bambanta namiji da mace a wasu kalmomi kamar yadda Bakano zai yi, ka bar masa abinsa yadda ya faɗa, haka ma Basakkwace ko mutumin Jos.

A karo na uku ka kashe sautin ka kalli hoton kawai, idan hirar bidiyo ce. Duba yadda ya zauna, da inda yake kallo idan mai tambaya yana magana, da abin da hannunsa yake yi. Idan ta rediyo ce, ka rufe ido ka bi hawa da saukar muryar, ka lura da wuraren da ta yi sanyi.

*Gargaɗi:* Ɗan wasa ne kake kallo, wanda sana'arsa sarrafa fuska da murya. Sau da yawa mai tambaya yakan roƙe shi ya ɗan taɓa irin wasansa don masu kallo, kuma wasu 'yan barkwanci sukan yi hirar gaba ɗaya cikin rigar wasa. Ka sa alama a duk inda ya shiga wasa da inda ya fita. Daƙiƙun da ke biyo bayan fitarsa, lokacin da dariya ta lafa ya gyara zama, suna cikin mafi amfani a hirar.

7. Abin da za ka nema a cikin maganar

Yanzu ka ɗauki biro na biyu ka bi rubutunka. Tsallake wuraren da aka ce ya faɗi halinsa, inda kusan kowa zai ce shi mai haƙuri ne kuma ba ya son munafunci. Ka tsaya a inda yake maganar wanda ba ya wurin. Idan an tambaye shi yadda ya fara, shin yana ambaton wanda ya koya masa, kuma sunan bai canzawa daga shekara zuwa shekara? Akwai wanda a hirar farko zai lissafa iyayen gidansa uku, bayan ya yi suna su koma ɗaya, daga baya labarin ya zama shi ya gina kansa. Akwai kuma wanda bayan shekara ashirin yana nan yana kiran sunan malamin firamaren da ya fara sa shi a wasan makaranta. Lura da yadda yake maganar na ƙasa da shi, masu riƙe fitila da masu kwalliya da direbobin lokeshan, ko yana sanin sunayensu. Lura da abin da yake yi idan aka kawo maganar furodusan da ya riƙe masa kuɗi, ko abokin sana'ar da suka saɓa.

A wata hira da na yi aiki a kanta, mai tambaya ya yaba wa wani marigayin dattijon ɗan wasa a kan wata fitowa da ta yi suna, ya ce shi ya ƙirƙiro ta. Dattijon ya bari har ya gama, ya ɗan taɓa hularsa, sannan ya ce a'a, wani yaro mai ɗaukar sauti ne ya ba shi shawarar, ya kuma faɗi sunan yaron da garinsu. Wannan kaɗai bai isa hujja ba. Amma da na koma mujallar da ta girmi wannan bidiyo da shekara tara, na tarar ya yi irin wannan gyara a kan wani aikin dabam, inda ya mayar da yabo ga marubuci. A hira ta uku ya sake. Sai a lokacin na rubuta a littafina cewa mutumin ba ya cin yabon da ba nasa ba. Ƙa'idar da nake bi ke nan: ba na kiran abu hali sai na same shi a hirarraki uku da aka yi a lokuta mabambanta, da masu tambaya mabambanta.

Tambaya mai zafi ma tana da amfani. Duba ko yana amsa ta, ko yana kauce mata da wasa, ko yana juya ta kan mai tambaya, da kuma ko ya taɓa cewa ya yi kuskure ba tare da an matsa masa ba. Canjin ra'ayi tsakanin hira da hira ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ko ya yarda cewa da can ba haka yake cewa ba.

*Gargaɗi:* A auna mutum da mudun garinsu. Bahaushen da ya sunkuyar da kai idan ana yabonsa, ko ya ƙi kallon tsakiyar idon babba, kunya ce da tarbiyya, kada a karanta ta a matsayin ɓoye-ɓoye kamar yadda wasu littattafan nazarin motsin jiki na Turawa ke koyarwa. Wanda ya ƙi faɗin sunan ɗansa na fari, ko ya ce "mai ɗakina" ya wuce, alkunya yake yi. Wanda aka tambaya game da rigima ya ce "ai ya wuce", yana iya zama kawaici, yana iya zama ciwon bai warke ba, kuma muryar ce za ta raba maka, tare da abin da ya ce a kan wannan rigima a wasu shekarun. Haka kuma hirar da aka yi da mutum a gadon jinya, yana neman taimako, ba a kafa hukunci da ita a kan rayuwarsa duka.

8. Gwada abin da ka samu da waɗanda suka zauna da shi

Hirarrakin da aka yi da abokan sana'a a ranakun zaman makoki kusan duk yabo ne, kuma haka ya dace, amma ba za su ƙara maka sani ba sai inda aka kawo takamaiman labari. "Mutumin kirki ne" addu'a ce. "Shi ya biya kuɗin asibitin wane a shekara kaza" magana ce da za a iya bin sawunta. Ka fi neman abin da aka faɗa a kansa tun yana raye, da abin da aka faɗa bayan shekara ɗaya ko biyu.

Idan kana son ganin wani da ya san shi, ka nemi wanda zai yi maka iso, kada ka faɗa gidan mutane da waya a ɗage. A cikin birnin Zazzau musamman, inda gidaje da yawa na malamai ne ko na sarauta, zuwa babu ɗan jagora yakan rufe ƙofar da ba za ta sake buɗuwa ba. Ka fara da gaisuwa da addu'a, "Baba, Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta," ka bayyana ko kai wane ne da abin da za ka yi da maganar, sannan ka nemi izini kafin ka kunna naɗi. Kada ka ce, "Wane irin mutum ne?" Ka ce, "Hajiya, na ji ya faɗa a rediyo cewa ba ya cin abinci a lokeshan sai yara sun ci, ko kin taɓa ganin haka?" Tambaya mai ƙafa ita ke fito da labari. Ɗan goro ko turare ya isa abin riƙewa. Idan ka fara biyan kuɗi don a yi magana, za a gaya maka abin da kake son ji.

*Gargaɗi:* Kada ka nemi matar mamaci tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma ko bayan ta fita ka bi ta hannun ɗanta ko ɗan'uwanta. Abin da aka ce maka "wannan tsakaninmu ne" ya tsaya a tsakaninku, ko da shi ne ya fi komai daɗin ji.

9. Rubuta sakamakon ka adana kayan

Raba shafi gida uku: abin da ya faɗa da bakinsa, abin da wasu suka shaida, da abin da kai ka fahimta. Kada ka bar na uku ya sa rigar na farko. Duk maganar da ka jingina masa ka sa mata gidan da ya watsa da shekara da minti, yadda wani zai iya komawa ya ji da kunnensa. Sannan ka ɗauko takardar zatonka ta mataki na ɗaya ka bi ta layi-layi, ka soke wanda ya rushe, ka bar wanda hujja uku ta tsaya masa, wanda kuma babu hujja a kansa ta kowane ɓangare ka fitar da shi daga rubutun gaba ɗaya.

Za ka iya cin karo da abin da bai yi maka daɗi ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa kada a zagi matattu domin sun isa ga abin da suka gabatar, kuma mamacin ya bar 'ya'ya da suke riƙe da waya kamar kowa. Wannan bai tilasta maka ƙirƙiro masa halin da ba shi da shi ba. Idan hirarraki sun nuna mutum ne mai saurin fushi a ƙuruciya wanda ya yi sanyi da girma, ana iya faɗin haka cikin ladabi tare da hujjarsa, tunda da bakinsa ya nuna. Sirrin iyali da jita-jitar da ba ta da tushe kuwa babu ruwan aikinka da su.

Idan za ka yaɗa wani yanki na hirar, ka tuna cewa mallakar gidan da ya ɗauke ta ce, ka nemi izini, ka bar tambarinsu a jiki, ka kuma haɗa amsa da tambayarta don kada ka zama ɗaya daga cikin masu yanke-yanken da suka wahalar da kai a mataki na huɗu. Kwafi duk fayilolin wuri biyu, memori ɗaya a gida, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko a kwamfutar wani amintacce. Mujallu da fotokwafi ka sa su a leda mai kauri, ka ɗora a saman kabad nesa da bango saboda danshi da gara, ka riƙa fito da su suna shan iska idan hunturu ya shigo. Kaset ɗin da ka aro ka mayar wa mai shi da hannunka, tare da kwafin abin da aka juya a memori ko a wayar ɗansa, kuma idan iyalan marigayin sun karɓe ka, su ma ka kai musu nasu kwafin, domin sau da yawa za ka tarar ba su da ko ɗaya daga cikin hirarrakin da ka tara.